Daga Faifan Kakana Zuwa Gindin Bishiyar Goro



Wata rana a shekarar 2015, bayan mun gama shiri an kashe makirufo, baƙon da muka gayyata, wani mutumin Duwala da ya yi karatu a Faransa, ya tsaya yana ba mu labarin hutun da ya yi a yankin Bodo, can kusa da gaɓar tekun Atilantika. Ya ce mutane ne ke biyan kuɗi a ɗauke su a mota, a bi da su gonakin inabi ɗaya bayan ɗaya, a nuna musu ƙasar, a nuna musu itacen, a shiga da su rumbun ganguna, su ɗanɗana, su ce wannan na kan tudu ne, wancan na bakin kogi ne, wannan kuma ya shekara goma a ajiye. Tun 1855 aka jera manyan gonakin yankin aji-aji, kuma har yau ana aiki da jerin. Da ya ƙare sai ya dube ni yana dariya, ya ce: "Ku da ba ku sha, wannan ilimin ya wuce ku."

Ban ba shi amsa ba. Sai da na sauka daga tasi a bakin unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke gajarcewa mu ce Birik, na tarar da kakana zaune a inda ya saba, da faifan goro a gabansa lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara. Wani ya kawo masa goro ɗaya ya duba. Tsohon ya juya shi a hannu, ya sa farce ya ɓare, ya saurari ƙarar, ya gutsura, ya yi shiru. Can ya ce: "Wannan ɗan Banso ne, kuma na bara ne, amma wanda ya ajiye shi ya cika masa ruwa." A nan na gane ashe amsar da na rasa tana ƙofar gidanmu tun kafin a haife ni.

Hausawa suna da nasu ilimin ɗanɗano da sanin ƙasa, a kan goro suka gina shi. Akwai fari, akwai ja. Akwai marsa manya, akwai minu ƙanana, akwai goriya wadda ake zaɓa a kai wa babban mutum. Akwai daushe, wanda ya kwana biyu a huhu har ɗacinsa ya kwanta, zaƙi ya biyo baya. Akwai ɗan Laboji na ƙasar Nupe, wanda a da goron sarakuna ne. Akwai hannunruwa mai yauƙi da ɓari da yawa, wanda mai cin goron Gwanja kan yi wa kallon raini. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari-ɗari. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, kuma ya shiga harshe har ya zauna: goron gayyata, goron sallah, goron albishir.

Da na tambayi kakana yadda gonar goro take, sai ya ce: "Kai ɗan nan, ni ɗan kasuwa ne, ba manomi ba. Na hango itacen daga kan babbar mota, amma ban taɓa tsayawa a gindinsa ba." Mutumin da ya haura shekara hamsin yana cin abinci da goro ke nan. Na ɗauka sakacinsa ne shi kaɗai. Da na bi tarihi sai na ga gado ya yi.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Itacen kurmi ne, mai son ruwan sama da inuwa. Duk da haka ya daɗe a bakin Bahaushe. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro dubu goma, kuma ya sa zamanin nata a ƙarni na 15. Amma fataucin bai kai ƙarshen bunƙasarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daular Usmaniyya ta hana giya, birane suka cika, masu hali suka yawaita, goro kuwa abu ne mai wartsake jiki da korar barci wanda addini bai hana ba. Sai kasuwarsa ta buɗe.

Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, da jakuna da takarkarai, mutum ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na shirya biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Su ƙetare Kwara, su bi ta Bargu, su ratsa Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Suna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini da gabu da dabbobi, kuma gaskiyar tarihi ita ce har da bayi a cikin hajar. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan hanya. Baturen nan Kilafaton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana komawa gida daga Gwanja.

To ga abin mamakin. Muna cewa goron Gwanja, alhali ƙasar Gwanja ba ta noma goro. A kurmin Asante yake fitowa, can kudu. Sarakunan Kumasi ba su yarda baƙin fatake su shiga kurmin ba, sai dai mutanensu su ɗauko kaya a ka su kawo Salaga, a yi ciniki a can. Don haka Bahaushe ya raɗa wa goro sunan kasuwar da ya saye shi, ba sunan ƙasar da ta haife shi ba. Ya san goro tun daga huhu har zuwa baki. Ya san ganyen fita da ake naɗe shi, ya san a kwance huhu a kai a kai a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, ya san gwargwadon ruwan da za a yayyafa. Wannan gwaninta ce ta sa ɗanyen ɗan itace ke ratsa zafin hanya na watanni ya isa Kano da ransa. Amma abin da ke bayan huhu, wato itacen da mai itacen, an rufe masa.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a 1874, lokacin da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. Kasuwa ta fara komawa Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934. Daga nan sai jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka karɓi aikin jaki. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, layin dogo kuma ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Manoman Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja a Agege da Shagamu da kewaye, unguwannin Sabo suka tsiro a garuruwansu. A can Amurka ma, a 1886, wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta ya fitar da abin shan da rabin sunansa daga sunan goro aka ɗauko shi, wato Coca-Cola.

Wannan labarin yamma ke nan, wanda aka fi rubutawa. Mu mutanen Kamaru muna da namu na gabas, wanda ba a cika bayarwa ba.

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu, Fulani suka kafa lamidodi a Banyo da Tibati da Ngaundere, fataken Hausa suka biyo sawunsu. Abu biyu suke nema a kudu: hauren giwa da goro. Goron nan na kan tsaunukan yamma ne, ƙasar Banso da Kom da Bamun da Bamilike, kuma ba irin na Gwanja ba ne. Na Gwanja ɓari biyu yake rabuwa, wannan kuwa uku ko huɗu ko fiye. Mutanen tsaunin ke ɗauko shi su gangaro da shi kasuwannin bakin iyaka, daga nan ya bi ta Banyo zuwa Yola da Garwa, ko ya bi ta Takum zuwa Ibi a bakin Binuwai. A nan ma dai tsarin Salaga ne: mai itace daban, mai huhu daban.

Ta ɓangaren kudu kuwa, kogin Sanaga ne iyaka. Sarakunan Bute, musamman na Ngila, suna saukar da fataken Hausa a garuruwansu suna sayar musu da haure, amma ba su bari su wuce. Hafsan Jamus Kurt Morgen ya tarar da Hausawa a Ngila a wajajen 1890. Jamusawa sun riga sun kafa sansani a Yawunde, a ƙasar Ewondo, tun ƙarshen shekarun 1880, kuma Hans Dominik ya zama mai faɗa a ji a wurin. A 1899 suka ci Ngila da Tibati da yaƙi. Hanya ta buɗe da bakin bindiga, da jinin mutane, ba da lalama ba. Ta wannan hanyar kakannin kakanninmu suka ƙetaro Sanaga, suna sayen haure da danƙo, suna sayar da tufafi da nama da kanwa, suka yi zango a gefen sansanin Bature. Haka aka yi a Bamenda, inda Hausawa suka kafa Abakwa a ƙarƙashin tudun da Jamusawa suka gina barikinsu a farkon ƙarni na 20.

Jamus ta bar Yawunde a farkon 1916, Faransa ta gaje ta, ta mai da garin hedikwata. Tsofaffinmu na cewa an tashi zangon Hausawa fiye da sau ɗaya yayin da gari ke faɗaɗa, kafin a zaunar da su a Ekudu, kusa da wurin da ake gasa bulo tun zamanin Jamus. Daga wannan masana'antar bulo unguwar ta samo sunanta na Faransanci. Jirgin ƙasa ya iso daga Duwala a 1927, ya kai Ngaundere a 1974. Yau in aka ce Birik, mutanen gari suna tuna tsire da kilishi da teloli da shagunan atamfa, da katafaren zauren wasannin da 'yan Sin suka gina a Warda. Kaɗan ne ke tuna cewa gidaje da yawa a lungunanmu da ribar huhun goro aka aza tubalinsu, kuma da ita aka je Makka.

Tunda zuwa da kai ya fi saƙo, a ƙarshen damina ta shekarar nan ta 2015 na ɗauki rakoda na shiga motar dare. Muka ƙetare Sanaga a gadar Ebebda, kogin da ya tsare kakanninmu shekaru, mu kuwa cikin minti biyu. Muka wuce Bafiya, wadda ita ma akwai goron da ake kira da sunanta, muka tsaya Makenene cin gasasshen nama da ayaba, gari ya waye mana a Bamenda. Daga nan ƙaramar mota ta hau da mu tudun Sabga, inda rugagen Fulani suke, ta gangara kwarin Ndop, ta sake hawa ta Jakiri har Kumbo, wadda mu muke kira Banso. Garin yana kan tudu kusan mita 2,000 daga doron teku. Hazo na bin kan duwatsu da hantsi, sanyi kuwa sai da na ari rigar ɗumi.

Dillalin da ke aiko wa kakana kaya shi ya haɗa ni da wani dattijo a wani ƙauye da ke bayan gari. Da turancin buroka muka yi magana, ɗansa na taimaka mana. Na zo da hoton gona a raina, layi-layi kamar yadda baƙon nan ya kwatanta gonakin inabi. Abin da na tarar kurmi ne ɗan ƙarami a bayan gida: kofi a ƙasa, ayaba a tsakiya, itatuwan goro masu duhun ganye sun yi musu rumfa. Dattijon ya dafa wani, ya ce kakansa ne ya dasa shi. Ya ce itacen kan shekara bakwai ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, don haka wanda ya dasa goro jikokinsa yake yi wa. A al'adar Banso ma itatuwan goro na ƙarƙashin ikon babban gida ne, wanda suke kira fai, ba na kowa da kowa ba.

Ɗan ya ɗauko doguwar gora mai ƙugiya a kai, ya tsinko kwanso guda. Kore ne, mai gurje-gurje, tsawonsa kamar tafin hannu. Aka fasa, sai ga 'ya'ya a jere, kowanne sanye da farar riga mai laushi. Ni da na tashi cikin goro, ban taɓa sanin yana da riga ba. Mata ne ke tara shi kwana biyu-uku har rigar ta saki, su murje, su wanke, su zuba a kwando ya tsane, sannan a shimfiɗa ganye a rufe. Uwargidan ta nuna min hannuwanta, duk sun rine. Na gutsuri sabon, ɗaci da yauƙi suka cika min baki, suka yi ta dariya. Suka ba ni na bara, na ji bambancin. Dattijon ya nuna min itace biyu, ɗaya a gangare kusa da rafi, ɗaya a kan tudu, ya ce na tudun ya fi ƙanƙanta amma ya fi jure ajiya. Wannan dai ita ce maganar da aka ce mutanen Bodo na yi a kan inabinsu.

Sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Samari sun tafi birni tuƙin babur. Kofi ya faɗi tun ƙarshen shekarun 1980, bai koma yadda yake ba. Maƙwabta na sare tsofaffin itatuwa suna dasa itacen turare, don shi ana sayar da katakonsa da wuri, ko da yake yana shanye ruwan ƙasa. Ya tambaye ni nawa kakana ke sayar da ƙwarya a Yawunde. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, ya dubi ɗansa. Ni ma kunya ta kama ni, ko da yake na san kuɗin mota da na shingayen hanya da asarar sankara duk a wuyan mai huhu suke. Mutum biyu, igiya ɗaya ta ɗaure su fiye da shekara ɗari, amma kowanne na zargin ɗan'uwansa ne ke cin riba, don ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba.

Na dawo da ƙullin goro daga itacen kan tudu. Kakana ya ɓare, ya tauna, ya ce: "Wannan hannun na san shi. Ya daɗe yana zuwa min." Na kunna masa muryar dattijon a rakoda, ya saurara har ƙarshe duk da ba ya jin yaren, ya ce in Allah ya kai mu baɗi zan raka shi.

Baɗin ba ta yiwu ba. A ƙarshen 2016 yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta ya tashi a yankunan nan biyu masu amfani da Ingilishi, kafin ƙarshen 2017 ya rikiɗe ya zama faɗan bindiga. Kumbo na cikin garuruwan da suka fi shan wuya. Aka rufe makarantu, Litinin ta zama ranar zaman gida dole, hanyar da na bi cikin raha ta zama wadda direba ke yin wasiyya kafin ya hau. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A faifan kakana goron Banso ya yi ƙaranci, ya yi tsada, wani lokaci a yi watanni ba a gan shi ba.

Wata safiya a 2019 wayata ta yi ƙara. Ɗan dattijon ne, yana tashar mota a Yawunde da matarsa da yara biyu, ba su san kowa ba sai lambar da na rubuta masa a bayan takarda. Uban ya ƙi tasowa, ya ce ba zai bar itatuwan kakansa ba. Na kawo su gida ina tunanin yadda zan yi wa tsoho bayani. Ban ma gama ba ya sa aka share ɗakin zaure, wanda a da fatake ke sauka. Ya ce wa saurayin, ina fassarawa: "Ɗana, ubanka ya ciyar da gidan nan shekara da shekaru ban san fuskarsa ba. Shiga, gidanku ne." Wata bakwai suka yi tare da mu. A cikin watannin nan saurayin ya koyi naɗa huhu da tsintar sankara, tsohon kuma ya sha labarin dashe da lokacin fure da yadda ake gane kwanson da ya nuna. Ilimin nan biyu da aka raba tun zamanin Salaga, a zauren gidanmu na ga sun haɗu.

Kakana ya rasu a 2021, bai taka gonar ba. Allah ya jiƙansa. Faifansa na nan, amma cikin jikokinsa babu wanda ya zauna a kansa, har da ni mai wannan surutu. A wajen ɗaurin aure yanzu alawa da cingam da dabino sun fi goro ƙarewa da wuri, matasa na cewa yana ɓata haƙori. Ba na jin goro zai ɓace, domin ba a ɗaura aure ba shi. Abin da nake tsoro shi ne ya zama goro kawai, ba ɗan Banso, ba ɗan Bafiya, ba daushe, ba wanda zai ɓare ya ce ga ƙasar da ta haife shi.

Akwai abin koyi kusa da mu. A 2013 hukumar OAPI, mai rajistar mallakar fasaha, wadda hedikwatarta ke nan Yawunde, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku rajista da sunan ƙasarsu, yadda ba mai iya sayar da wani abu daban da wannan suna. Oku kuwa maƙwabciyar Kumbo ce. In zuma ta samu wannan gata, me zai hana goro, ranar da zaman lafiya ya dawo? Sai dai kafin a kai ga hukuma, akwai aikin da ke kanmu. Duk mai tsoho a gida wanda ya yi fataucin goro, a Birik ne ko a New Bell ta Duwala, a kasuwar Mariri ta Kano ne ko a Sabon Shagamu ko zangon Kumasi, ya ɗauki wayarsa ya zauna gabansa. Ya tambaye shi sunayen goro, da hanyoyin da ya bi, da masaukan da ya sauka, da yadda ake gane na kirki. Ni rakoda na hannuna kullum, muryoyin baƙi ɗaruruwa na ɗauka, amma ta kakana sau biyu kacal na naɗa, ina cewa gobe.

Allah ya kawo zaman lafiya a tsaunukan Banso da ƙasarmu baki ɗaya, ya jiƙan magabatanmu fatake, waɗanda suka iso da waɗanda suka kwanta a hanya. Amin.